Yadda za a zaɓi kwamfutar ofis mai sauƙin kuɗi don aikin gyaran hoto

Mai shagon ɗaukar hoto, ko mai wurin buga katin biki da fosta, idan ya tashi sayen kwamfuta, yawanci tambaya ɗaya yake shiga kasuwa da ita: Core i7 ce ko Core i5? Waɗannan sunayen furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, har da Computer Village ta Ikeja, abin da ake fara nuna wa mutum shi ne ɗan tambarin da ke manne a jikin akwatin. Alhali kuwa lambar da ke biye da sunan ita ce abin dubawa. Core i7-3770 zubi na uku ce, ta fito a 2012 da ƙwayoyin aiki huɗu, ita kuwa Core i5-8500 zubi na takwas ce, ta 2018, mai ƙwayoyi shida, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba. Wannan zubin shi 'yan kasuwa ke kira jenareshon, kuma shawarata ita ce kada a sauka ƙasa da na takwas, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel ta fara, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD.

Ga mai ƙaramin jari, kwamfutocin gwanjo da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama sun fi sabuwa mai arha amfani, domin an ƙera su ne don su yini suna aiki. Dell OptiPlex 7060 da HP EliteDesk 800 G4 da Lenovo ThinkCentre M920 duk 'yan zubi na takwas ne. Sai dai kowacce tana zuwa da girma iri-iri: akwai doguwa, akwai matsakaiciya siririya, akwai kuma ƙarama kamar littafi. A guji ƙaramar duk da kyanta a kan tebur, saboda yawanci ba ta da gurbin ƙara katin hoto, wato katin da ke sarrafa abin da ake gani a allo, kuma zafi ya fi saurin kama ta. Doguwar ta fi, idan an samu.

Bayan furosesa, inda ya kamata kuɗi ya fara zuwa shi ne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe a cikinta, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. Hoto ɗaya daga kyamara mai megafiksel 24, idan aka buɗe shi a Photoshop, yana cin kusan megabait 72 a zurfin launi na bit 8, ko 144 a bit 16. Kowace cikakkiyar leya, wato shimfiɗar gyara, da aka ɗora a kansa ƙari ne kwatankwacin haka, ga kuma matakan baya da manhajar ke riƙewa don a iya komawa idan an yi kuskure. Mai haɗa kundin hotunan biki da ya buɗe hotuna goma sha biyar a lokaci guda, CorelDRAW na buɗe a gefe, WhatsApp kuma na karɓar saƙon masu aiki, zai cinye gigabait 8 tun kafin azahar. Kamfanin Adobe da kansa 8 ya sa a matsayin mafi ƙaranci, ya kuma ba da shawarar 16 ko fiye. Saboda haka a nemi 16, kuma ya zama sanda biyu masu 8 kowanne maimakon ɗaya mai 16, domin idan sanduna biyu na aiki tare hanyar da bayanai ke bi tana ninkuwa. A sa mai shago ya buɗe akwatin a ga ko akwai sauran gurbi, don ranar da aiki ya bunƙasa a kai ta 32 ba tare da an sake kwamfuta ba.

Maganar wurin ajiya ba ta da tsawo: dole ne Windows da manhajojin aiki su zauna a kan SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD nau'in SATA yana kai wa kusan 550, nau'in NVMe kuwa ya haura 3,000. Photoshop idan RAM ya cika a kan faifai yake zube ragowar aikinsa, don haka faifai mai nawa yana tsayar da komai cak. Gigabait 512 ya isa farawa, sannan a ƙara babban faifai mai juyawa don ajiye ayyukan da aka gama.

A wurin katin hoto ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Yawancin aikin yau da kullum, wato gyaran haske da launi, goge tabo a fuska, cire bayan hoto da jera rubutu, furosesa da RAM ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma Intel UHD 630, wato sashen hoto da ke cikin furosesar zubi na takwas, yana iya tafiyar da shi. Kati na daban yana nuna amfaninsa ne wajen Liquify, wato kayan lanƙwasa siffa a Photoshop, da rage dishi-dishin hoton dare a Lightroom, da aiki a kan allon 4K, inda Adobe ke ba da shawarar kati mai gigabait 4. Wanda zai saya ya kula da abu biyu. Na farko, waɗannan kwamfutocin ofis na'urar ba da wutarsu ƙarama ce, sau da yawa wat 200 zuwa 260, kuma ba ta da wayar da manyan katuna ke buƙata, don haka sai katin da gurbinsa kaɗai ke ciyar da shi, wato wanda bai wuce wat 75 ba, irin su GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6. Na biyu, akwati siriri gajeren kati kawai yake ɗauka. Shi kuwa GT 710 ko GT 730 da ake yawan cusa wa mutane da sunan "akwai girafik a ciki", bai cancanci ko sisi na ƙari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake wulaƙanta allo, alhali da shi ake yanke hukunci a kan kowane launi. Na taɓa zama a wani shago na ga saurayi ya shafe awa biyu yana gyara hoton amarya a kan tsohon allo mai haske fau, fatarta ta yi kyau, lallen hannunta ya fito ja sosai. Da aka buga, fuskar ta yi duhu, shuɗin ankon ƙawaye ya koma toka-toka, aka yi asarar takarda da tawada, ga ɓacin ran masu biki. A nemi allo irin na IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa ko ta gefe aka kalle shi, mai inci 24 da ƙudurin 1920 a 1080, ko mai inci 27 da 2560 a 1440, wanda ke nuna kusan dukkan launukan ma'aunin sRGB. Dell UltraSharp na gwanjo yana biyan wannan buƙata. Gwajin gane shi mai sauƙi ne: a buɗe hoton fuska, a sunkuya a kalle shi daga ƙasa, sannan daga gefe. Idan launin ya juye ko ya yi baƙi, allon TN ne, ba IPS ba, a bar musu kayansu. A haɗa shi da wayar DisplayPort ko HDMI, ba VGA ba, a rage haskensa, kuma kada a kafa shi yana fuskantar taga. Aikin da za a kai maɗaba'a kuwa a duba shi a tsarin CMYK, wato tsarin launukan tawada, tun kafin a tura, domin kore da shuɗi masu ƙyalli ba sa fita a takarda yadda suke a allo.

A ware wa UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kasonsa tun a lissafin farko, ko da mai riƙe wuta na minti goma ne, domin ɗaukewar wuta ko sauyawa zuwa janareta ana tsakiyar adana fayil tana iya lalata aikin yini guda. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, saboda haka a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa buɗe shi ana hurewa.

Ranar saye a tafi da filasha ɗauke da babban fayil na aikin da aka saba yi. A buɗe Task Manager a tabbatar da lambar furosesa da yawan RAM, a duba lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki ta manhajar CrystalDiskInfo, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, a tabbatar ofishin da ya sallamo ta bai bar kalmar sirri a kai ba, sannan a gwada kowace kafar USB. A bar kwamfutar tana aiki da fayil ɗin na rabin awa ana sauraron ƙarar fanka, kuma kafin a biya a sa mai shago ya rubuta kwanakin garanti da lambar jikin akwatin a kan rasit.