Tsohon harsashi mai sunan kanti: yadda ake gane na kirki da wanda ya mutu

Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado a Garwa, arewacin Kamaru, sai ga wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da kwalayen harsashi, shi dama ya yi shekaru yana bin sawun nama wa Turawa masu zuwa farauta a dazukan Faro da Binuwai, in sun tashi tafiya su bar masa ragowar kaya. To nan fa gardama ta tashi, yayana ya ce ai wannan duk tarkace ne tunda ba a ga sunan manyan maƙera irin su Winchester ko Remington a jikin kwali ba, wani kwalin an rubuta Sears, wani Revelation. Na ce Yaya ka yi haƙuri, sunan da ke kwali sunan mai kanti ne, maƙerin daban yake.

Abin da ake nufi da harsashi mai sunan kanti kenan. A Amurka a da akwai manyan kantuna masu sayar da komai daga keke har tukunya, irin su Sears da Montgomery Ward da Western Auto, su ba sa ƙera harsashi, sai su je wurin masana'anta su ce a yi musu kaza a buga sunan da suka zaɓa. Sears ta yi amfani da sunan J.C. Higgins, daga baya Ted Williams, Western Auto na da Revelation, Montgomery Ward na da Hawthorne. Kamfanin Federal da ke jihar Minesota ya yi wa Sears da Montgomery Ward irin wannan aikin. Har yau abin bai mutu ba, a Faransa kantin Decathlon na sayar da kartush, wato harsashin farauta, da sunan Solognac. Kamar shinkafa ce da ɗan kasuwa ya sa aka buga masa sunansa a buhu, gonar ba tasa ba ce. Saboda haka a ranar da aka yi su yawancinsu ba su da wani aibu, matsalar ita ce shekara nawa suka yi kuma a wane ɗaki suka kwana.

Amma kafin ka taɓa kwali, maganar takarda. Ni da masu permi nake magana, wanda ke da izinin riƙe bindiga da izinin farauta. A Kamaru akwai dokar makamai da harsasai ta watan Disamba 2016, kuma harsashi ba goro ba ne da za a miƙa maka a bayan kasuwa ka miƙa kuɗi, ko na gado ne sai an bi ta hannun hukuma, ka je ofishin sufurefe, wato shugaban gunduma, ko wurin jandarma ka tambayi yadda ake yi. Kuma duk wanda ya kawo maka harsashin soja, irin na kalashi, komai arharsa tashi ka bar wurin, da halin rashin tsaro da ake ciki daga Marwa zuwa Kuseri ba sai na yi dogon bayani ba.

To yanzu aikin ido. Fara da gindin harsashi, juya shi ka karanta abin da aka buga a tagullar. Nan ake sa girman harsashin, sau da yawa har da alamar wanda ya ƙera, misali FC na Federal ne, R-P na Remington, W-W ko WRA na Winchester, wani lokaci kuma sunan kantin kawai za ka gani. Zazzage kwalin duka a kan tabarma ka jera su, dole gindin kowanne ya zama iri ɗaya kuma ya dace da abin da ke rubuce a kwali da abin da ke rubuce a jikin karabin ɗinka, wato bindigarka, harafi da harafi. Kar ka ce ai duk .300 ne, akwai .300 iri-iri da ba sa shiga wa juna, haka harsashin 8x57 na Jamus kashi biyu ne, mai S a ƙarshe ya fi marar S kauri kaɗan, ka sa mai kaurin a tsohuwar bindiga mai ƙunci ka jawo wa fuskarka bala'i.

In ka ga kwali ɗaya amma gindi uku ko huɗu daban-daban, to ba kayan masana'anta ba ne, wani ne ya tsinci kwanson da aka riga aka harba ya sake cikawa da hannu, ko kuma ya tattaro daga nan da can ya cusa a kwalin. Sauran alamun sake ciko su ne ɗan maɓallin tsakiyar gindi da allura ke bugawa, wanda muke ce wa amos, ya zama launinsa ya bambanta daga wannan zuwa wancan ko ya turo waje ko ya zauna a karkace, sai kuma siraran zane a tsaye a jikin kwanson. Ni dai wallahi harsashin da ban san wanda ya cika shi ba ko kyauta aka ba ni ba na so, ba ka san wane albarushi ya zuba ba kuma ba ka san ma'auninsa ba, kuma ba yadda za ka gani daga waje.

Sai launin tagulla, nan mutane ke ruɗewa sosai. Tagulla in ta tsufa takan yi duhu kamar tsohon tire, wannan ba komai ba ne, goge da busasshen tsumma ka ga jikin sumul ne. Abin tsoro shi ne kore-kore mai ɓarɓashi, ko tabo mai ja-ja, ko ramuka ƙanana da farce ke kamawa, ko wani farin gari da ya taru a bakin amos ko a wuya, wannan na ƙarshen sau da yawa daga ciki yake fitowa, albarushin ne ya lalace yana cin ƙarfe. Kuma ka yi hattara da wanda ya cika ƙyalli, kwali ya tsufa ya yi laushi amma harsashi na walƙiya kamar zoben amarya, an wanke shi ne da toka da lemun tsami ko maganin goge tagulla don a ɓoye tabo, wasu magungunan ma na ɗauke da amoniya mai sa tagulla tsagewa.

Maganar tsagewa, ɗauki harsashi ka kai rana ka juya wuyansa a hankali, wurin da ya riƙe kan dalma, tsagar siririya ce kamar gashi. Sojan Ingila a Indiya sun sha fama da wannan a da, suna ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, warin fitsarin dawaki ya riƙa tsaga musu tagulla. Da na ji labarin nan sai na tuna mutanenmu da ke ɓoye kaya a rufin garken awaki ko gefen akurki. Kama kan harsashin da yatsa biyu ka gwada murɗawa, in ya juya ko ya nutse ciki ko tsawonsa ya bambanta da 'yan uwansa, ware shi gefe. Wasu na girgizawa a kunne su ji motsin albarushi, to yana taimakawa kaɗan in duk kwalin na motsi guda ɗaya ya yi shiru, amma akwai irin da aka cika maƙil ba ya motsi tun yana sabo, kar ka dogara da wannan kaɗai.

Shinshina cikin kwalin ma. Wari mai tsami mai hawa hanci, ko jan ƙura kamar tsatsa a takardar, alama ce ta albarushin da ya ruɓe. Zafi ne babban mai kashe albarushi, kuma kowa ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi na wuce digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin kwano ko cikin akwatin mota. Harsashin da aka adana a wuri mai sanyi marar laima na iya yin shekara arba'in ya tashi lafiya lau, wanda ya yi rani biyar a ƙarƙashin kwano kuma damina ta riƙa ratsa shi ba ni da tabbas a kansa. Shi ya sa tambayar ina aka ajiye shi ta fi tambayar yaushe aka yi shi. Duba kwalin da kyau, tabon ruwa, cin gara, takarda da ta kumbura, kwali ba ya iya ƙarya kamar mai shi.

Ƙananan harsasai na .22 kuwa da yawansu kansu na dalma ne tsirara da ɗan kakin da aka shafa, in ya yi fari fat yana zubar da gari ya ji jiki, kuma su laima ta fi saurin shiga.

Bari in tsoma baki a kan kalibar duz, wato bindigar farauta mai lamba 12, tunda ita ta fi yawa a hannun mutanenmu, musamman tsofaffin bindigogin Robust da Simplex na Manufrance, kamfanin birnin Santetiyen na Faransa da ya durƙushe a shekarun 1980. Tsohon kartush mai jikin takarda na shan laima ya kumbura, in bai shiga da kansa ba kar ka tura da ƙarfi. Sannan tsawo, akwai milimita 65 da 67 da 70 da 76, kuma wannan lambar tsawon kwanson ne bayan ya buɗe, wato kartush na 70 zai zauna daidai a tsohuwar bindiga mai ɗakin harsashi na 65 ka ɗauka lafiya, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa matsi ya ƙaru. Karanta lambar da ke ƙarƙashin bututun bindigarka tukuna.

In kaya sun wuce duk wannan sai gwaji, a daji, gaban tudun ƙasa, ba a tsakar gida ba. Ɗauko biyu ko uku daga wurare daban-daban a kwalin. In sakata ta ƙi rufewa sai da ƙarfi, cire. In ka ja kunama ka ji ƙas babu tashi, kar ka buɗe kuma kar ka leƙa, riƙe bakin bindiga yana kallon tudun ka ƙirga kamar minti ɗaya, saboda tsohon harsashi kan yi jinkiri sannan ya tashi. In kuma ƙarar ta fito a raunane, bindiga ba ta doki kafaɗa yadda ta saba ba, tsaya, cire komai ka duba cikin bututu, wataƙila dalmar ta maƙale a hanya, ka aika wata a bayanta bututu ya fashe a hannunka. Kwanson da ya fito ma dube shi, tsaga ko baƙin hayaƙi kewaye da amos na nufin sauran kwalin abin zargi ne. Kuma wanke bututu ranar nan, wasu amos na zamanin da na barin gishiri mai jawo tsatsa.

Daraja fa? A ganina tsohon harsashi mai tsabta, cikakken kwali, gindi iri ɗaya, wanda aka san inda ya kwana, bai kamata ya wuce rabin kuɗin sabo ba, sunan kanti bai rage masa ba bai kuma ƙara masa ba, kuma ko shi na koyon saiti ne da zabi da gada, ba zan tsaya gaban ɓauna da harsashin da ya girme ni ba. Wani zai ce maka ai a Amurka masu tara kayan tarihi na sayen irin kwalayen Sears da tsada, gaskiya ne akwai masu tarawa, amma suna can, kai kuma ba ka da hanyar halal ta aika musu harsashi daga Ngaundere, kar a sa maka kuɗin tarihi a kan kayan harbi.

Waɗanda ka ware kar ka jefa a wuta ko masai ko juji inda yara ke tsince-tsince, kai wa jandarma su san yadda za su yi. Na kawu da muka tantance, kwali biyu ne kawai suka fita lafiya, sauran muka miƙa, Yaya ya riƙe kwalin Revelation ɗin babu komai a ciki yana zuba allura da maɓallai.