Darasi na Bakwai: Binciken Takardu Kafin Sayen Gida a Kewayen Abuja

Yawancinmu da ke neman abinci a Abuja ba a Maitama ko Asokoro muke kwana ba. Muna Kubwa, Lugbe, Dei-Dei, Kuje, Gwagwalada, wasu kuma sai sun tsallaka Mararraba. Haya ta yi tsada, kowa yana son ya samu nasa. Wannan darasi ya shafi kwanakin da ke tsakanin ranar da dillali ya nuna maka gida da ranar da za ka ba da kuɗi.

Fara da sanin inda gidan yake. Mararraba da Masaka jihar Nasarawa ce. Suleja da Madalla jihar Neja ce. Can, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamnan jiha ke ba da takardar mallaka. Amma Kubwa, Lugbe da Kuje suna cikin Babban Birnin Tarayya, wanda aka kafa da doka a 1976, kuma dokar ta sa duk ƙasarsa a hannun Gwamnatin Tarayya. Ministan Abuja ne ke ba da fili. Takardar da yake sa wa hannu, wadda ake kira C of O, ta shekara 99 ce ga gidan zama.

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A garuruwanmu, in mai unguwa ya shaida, dattawa biyu suka sa hannu, aka yi addu'a, ciniki ya faɗa. Abuja ba haka take ba. Takardar sarkin ƙauye ko ta mai unguwa tana nuna ka biya wani mutum kuɗi, amma ba ta sa gwamnati ta san da kai. Ko takardar ƙaramar hukuma, irin su Bwari ko Kuje, sai ka tabbatar an kai ta ga hukumar filaye ta Abuja an tantance. Waɗanda suka ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ba sa bukatar dogon bayani. Da yawa daga cikinsu da guminsu suka saya, suna riƙe da takarda, amma ranar da motar rusau ta zo takardar ba ta tsare su ba. Abin yana min ciwo har yau, shi ya sa nake nanata shi.

To, me za ka yi? Karɓi kwafin takardun gidan, ka kai wa lauya. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba. Dillali la'adarsa yake jira, ba ya samun ta sai an saya. Lauya zai nemi bincike a ofishin AGIS, inda ake ajiye bayanan filayen Abuja. Sakamakon zai nuna sunan mai filin, lambarsa da girmansa, abin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta ƙwace shi. A duba kuma ko akwai bashin harajin ƙasa.

Idan mai gida ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne? Akwai mai zuwa da kuɗi gobe," amsa masa cikin ladabi: "Alhaji, ba rashin yarda ba ne. Kuɗin iyalina ne, a bar ni in bincika." Mai takardar gaskiya zai jira mako guda ko biyu.

Takarda tana iya zama ta gaske amma ta wani filin ce daban. Saboda haka ɗauki safiyo ya auna, ya gwada lambobin duwatsun iyaka da na takarda. Nemi ganin izinin gini daga sashen kula da gine-gine. Duba ko gidan yana kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Tambayi maƙwabta ko an taɓa shafa masa jan fenti, ko ana shari'a a kansa.

Gidan gado kuwa, kada ka saya daga ɗa guda, ko da shi ne babba. A nuna maka takardar kotu ta rabon gado ko ta kula da dukiyar mamaci, magada kuma su yarda a rubuce, har da mata da ke gidan aure a wani gari.

In komai ya fita tsaf, biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda, har kuɗin kafin alƙalami. Lauya ya rubuta yarjejeniyar sayarwa, a sa hannu gaban shaidu. Takardar wakilci, wadda mai gida ke ba ka ikon yin abu a madadinsa, kaɗai ba ta mayar da gida naka. Sai an nemi amincewar Minista, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista da sunanka.

Aikin gida: rubuta sunan unguwarku, da jihar ko yankin da take. Sannan rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa mai sayar da gida, mu karanta su tare a aji mako mai zuwa.