Yadda Zaka Kwashe Tsofaffin Kaset ɗin Gida Zuwa Waya

Da ana gane mai tarin waƙa ko wa'azi ne da kwalin kaset ɗinsa, yanzu kuwa ka kai memori wajen masu turi a cika maka, to amma akwai abinda babu mai turin da ke da shi, irin kaset ɗin bikin iyayenka ko wanda kaka ta aiko daga Makka tana gaida kowa da sunansa. Namu bayan rasuwar Baba muka tsinto shi ƙasan gado, bera har ya fara cin kwalin.

Kafin komai ɓalle ƴan kunnuwan nan biyu na saman kaset ɗin, idan ka ɓalle su ko yaro ya danna jan maɓalli bazai goge ba. Sai ka zura biro cikin ramin ka juya a hankali zaren ya miƙe, in ya tsinke kar ka ɗaure, ka haɗa bakin biyu da siririn salatif ta baya.

Rediyon ma a goge kan nan nasa da zaren kaset ke gogawa da auduga da ɗan sifirit, kuma dan Allah fara gwada shi da kaset ɗin da baka damu dashi ba, ni na farko da na saka rediyon ya tauna min shi wallahi har yau abin na min ciwo.

Daga nan ka samo kebul mai baki biyu irin na iyafis, ɗaya a rediyo ɗaya a laftof, ka sauke manhajar ɗaukar murya ta Audacity a laftof ɗin, kyauta ce, ka rage ƙarar rediyon sosai don kar murya ta fashe, ka danna ɗauka. Babu gaggawa fa, kaset mai lambar C90 minti 45 ne kowane gefe kuma sai ka zauna ya ƙare, gara ka saka batir saboda ɗauke wuta. Wanda bashi da laftof ya ajiye waya kusa da sifika a ɗaki shiru, a kashe fanka.

Abinda ka ɗauka ka sa masa suna da shekara ka tura shi wayarka, ka ɗauki hoton rubutun jikin kaset ɗin. Memori na mutuwa ba sallama, waya kuma ana sacewa, saboda haka ka ɗora a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, tunda suna bada 15GB kyauta, ka tura ma ƴan uwa biyu. Shi kuma kaset ɗin kar ka yar, mayar dashi gidansa ka ajiye nesa da rana da maganaɗisun sifika.