Kurakuran masu yi wa gyambo magani da zuma da tafarnuwa

Na gaji da ganin mutum ya lafta zuma a kan gyambon da ya yi wata biyu, bayan mako ya dawo yana cewa zuma ba ta aiki. Kai kuwa, a kan me ka shafa ta?

Mikin da ya ƙi warkewa galibi yana da wani yauƙi da ƙwayoyin bakteriya ke saƙa wa kansu su ɓuya a ciki, wanda likitoci ke kira bayofim. Idan suka shige cikinsa, maganin da ke kashe su a fili da ƙyar yake taɓa su. Babban kuskure shi ne a zuba zuma a saman wannan yauƙi a naɗe. Sai an wanke da ruwan gishiri mai tsabta, ma'aikacin jinya ya kankare mataccen nama, sannan zumar za ta kai ga inda ake so. Kuma yauƙin kan sake haɗuwa cikin kwana 1 zuwa 3, don haka ni kullum nake canza bandeji, idan ciwon na zubar da ruwa har sau biyu, tunda ruwan na tsinka zumar.

Sai tafarnuwa, wadda ta ci ni da kaina. Na ji ana cewa tana hana ƙwayoyin cuta haɗa kai, na daka ɗanya na ɗaure a ƙaurina na kwanta. Cikin dare zogi ya tashe ni. Da na kwance ƙyallen, fatar gefen ciwon ta yi bororo kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, ciwo mai faɗin kwabo ya koma rabin tafin hannu. Abin da masu bincike suka gani a kwanon gwaji daban, fatar mutum daban. Wallahi duk wanda ya ce ka ɗaura ta a buɗaɗɗen miki, ka ce ya fara gwadawa a jikinsa!

Kada a ɗumama zuma, zafi na lalata sinadarin da ke sa ta fitar da haidurojin faroksayid mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta kasuwa kuma tana iya ɗauke da irin ƙwayoyin cuta masu haɗari da ake kira kulostiridiyom, shi ya sa na fi yarda da ta asibiti wadda aka tsarkake da wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta da ake kira gama, kamar zumar manuka ta ƙasar Niyuzilan.

Ita ma finigar girki (ruwan khal) mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ta yi wa miki kaifi. Wadda ake sa wa mikin da ke fitar da koren mugunya wajen kashi 1 ce. Man itacen shayi (tea tree oil, ba shayin da ake sha ba) tsagwaronsa shi ma yana ƙona fata.

Mai ciwon suga, ko wanda jan ya fara yaɗuwa, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya shigo, ya ajiye kwalbar zuma ya tafi asibiti a ranar. Mai yiwuwa ƙwayoyin sun riga sun nutse cikin nama, inda abin shafawa ba ya kaiwa.