Yadda ake tayar da Peugeot 504 da ta yi shekaru a ajiye

Yawancin waɗanda suka gaji tsohuwar 504, ko suka saye ta a wani kango, abu ɗaya suke fara yi: su aro batir, su zuba fetur galan guda, su murɗa makulli. Nan take ake kashe injin da ya jure shekara arba'in. Motar da ta daɗe ba ta motsa ba, makulli shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa a jikinta. An fara yin 504 a Faransa a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna daga shekarun 1970 har zuwa wajen 2006, shi ya sa kayanta ba su ɓace ba a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Amma injin asali mai lafiya yana ƙara wuya, kuma gaggawa ce take cinye shi.

Ka buɗe bonet da rana tsaka, da sanda a hannu, domin ɓera da maciji suna son gidan filtar iska da bayan batir. Ka zaro sandar awon baƙin mai. In man baƙi ne ƙirin, babu damuwa, tsufa ne kawai. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ka san aikinka ya kai ga buɗe kan injin. In kuma yana warin fetur kuma ya haura alamar cika, ka riƙe wannan a ranka, za mu zo kansa.

Juya injin da hannu

Fulogan 504 suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin bawul. Ƙurar hunturu ta shekaru tana taruwa a cikinsu, wani lokaci haɗe da mai. Ka hure ta da iska kafin ka kwance fulogi, in ba haka ba duk ta zube cikin silinda. Sai da doguwar sifanar fulogi ake kai musu. Bayan ka cire duka huɗun, ka zuba cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da man gas (dizal) a kowane rami, ka toshe da tsumma mai tsabta, ka bar shi kwana biyu ko uku. Kada ka rage kwanakin nan.

Daga nan ka ɗora sifana a kan notin fulin ƙasa, ka juya a hankali. Abin da ake so shi ne injin ya zagaya sau biyu cikakku ba tare da ya cije ba. Zai fi kyau ka cire murfin bawul kana kallo: kowane bawul ya sauka ya dawo. Wanda ya sauka ya ƙi dawowa ya maƙale, kuma da kik aka buga da sandar da ke tura shi ta lanƙwashe. Ka ɗiga masa mai a wuya, ka riƙa ƙwanƙwasa shi da guduma ta roba har ya saki.

In injin ya ƙi juyawa sam, ringi ya kama jikin silinda da tsatsa. Ka ƙara mai, ka sa giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa jijjiga motar gaba da baya kaɗan-kaɗan. Ban yarda a ɗaura mata igiya a ja ta a saki kuloci ba, ko wane ne ya ba da shawarar. Ringi ne zai karye ya karce silinda.

Ga abin da sababbin hannu ba su sani ba. Silindojin wannan injin ba a jikin bulok aka sassaƙa su ba. Kowanne bututu ne mai zaman kansa da aka zura, ruwa yana zagaye shi, yana zaune a kan siririn abin toshiya a ƙasa, kuma kan injin ne yake danne shi. Da zarar ka ɗage kan injin ka juya fuli, fistin zai ɗago bututun, toshiyar ƙasa ta tashi, ka mayar da komai da sabon gaskit amma ruwa ya ci gaba da sauka cikin mai. Saboda haka in dole ta sa ka buɗe, kafin ka taɓa fuli ka danne bututun da manyan wasa da ƙusoshi a ramukan ƙusoshin kan injin. Kuma wajen sayen gaskit ka san injinka: mai girman cc 1796 faɗin silindarsa milimita 84 ne, mai cc 1971 kuwa 88. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ka tafi da tsohon a hannu, ka ɗora su ka gani da idonka.

Tunda murfin yana buɗe kuma injin da sanyi, ka saita tazarar bawul: milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Ka zubar da tsohon mai, ka sa sabuwar filta da kimanin lita huɗu na baƙin mai 20W-50. Mai araha ya wadatar a wannan zubin, domin za ka sake zubar da shi ba da jimawa ba. Yanzu ne za ka sa batir. Fulogai suna waje, wayar koyil a cire, tsumma a kan ramuka, ka buga kik na daƙiƙa goma-goma kana hutawa har fitilar mai ta mutu.

Tanki, inda aiki yake lalacewa

Fetur ɗin da ya shekara a tanki yana zama danƙo mai ja, kuma rabin tankin da babu mai yana yin gumi ya yi tsatsa daga ciki. Wanda ya zuba sabon fetur a kai ya narkar da danƙon, ya tura shi famfon mai da kafireta da wuyan bawul. Injin zai tashi a ranar, kowa ya yi murna, washegari da safe bawul sun manne.

Ka sauke tankin ƙasa, babu wata gajerar hanya. Ka cire abin awon mai, ka haska tocila ciki. Ka zuba kananzir lita biyu da tsakuwa masu kaifi ko tsofaffin notuna tafi biyu, ku kama shi ku biyu ku yi ta girgizawa kuna juya shi ta kowane ɓangare. Ka zubar a farin bokiti don ka ga abin da ke fita, ka maimaita har kananzir ya fito da launinsa. Ka tabbata duk abin da ka zuba ya fito, sannan ka shanya shi a rana wuni guda baki a buɗe. In ka ga ƙananan huji a gindinsa, ka nemi wani tankin. Kada ka bari kowa ya kusanto shi da wutar walda, tankin da ake gani fanko shi ne yake fashewa.

Bututun ƙarfe da ya taho daga baya zuwa gaba, ka hure shi da iska daga gaba zuwa baya. Duk tiyon roba ka canja shi, ko da a ido yana da kyau, kuma ka sayi na fetur, domin na ruwa yana narkewa. Ka sa ƙaramar filta mai garai-garai kafin famfo, ka sayi uku lokaci guda, ba su da tsada, ta farko ba za ta yi mako ba ta cika. Famfon man 504 injin ne yake kaɗa shi, a cikinsa akwai fatar roba. In ta tsage, fetur yana bi ta nan ya sauka cikin baƙin mai, wato warin da ka ji a sandar awo. Man da fetur ya tsinka ba ya kare metal, wato beyarin cikin injin, don haka famfon da ake shakka a kansa a canja shi.

Kafireta kuwa, Solex ce a mafi yawansu. Ka kwance ta a kan faranti, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Ka girgiza fulot a kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Jet-jet ɗin tagulla ne masu laushi: ka jiƙa su, ka hure su da iska, ka ɗaga su sama ka ga haske ta ramin. Allura ko waya da ake zura musu tana faɗaɗa ramin, daga nan motar ta fara shan mai da baƙin hayaƙi, kuma babu saitin da zai gyara. Na fi son tsohuwar Solex da aka wanke aka sa mata sabon gaskit a kan sabuwar kwaikwayo mai ƙyalli.

Motar da ake cewa tana da mutanen ɓoye

A cikin birnin Kano, mota in ta daɗe a gindin tsamiya ko kusa da maƙabarta, za ka ji ana gargaɗin mai saye cewa an riga shi shiga. Tsoron yana da tushe mai nisa. Kasuwar Ƙofar Ruwa kanta a yankin Dala take, kuma a dutsen Dala ne tarihi ya ce Barbushe, mai bauta wa Tsumburbura, yake zaune. Wurin bautar wata bishiya ce da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai shi, wanda duk ya shiga mutuwa zai yi. Mutane suna kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da zai auku, har ya faɗi zuwan baƙon da zai ƙwace mulkin ƙasar. Sai a ƙarni na 14 aka rushe wurin, amma har gobe akwai masu ƙin bin gindin dutsen da tsakar dare.

Aljanu gaskiya ne, kuma yin addu'a kafin hawa abin hawa koyarwar addini ce. Sai dai alamomin da ake kafa hujja da su a kan mota, kusan kullum suna da dalili a cikin ƙarfe da waya, kuma mutane suna rabuwa da motoci masu kyau a wulaƙance saboda su.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce motar da take mutuwa a wuri ɗaya kullum, ta ƙi tashi, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Ka lura, nisan wurin daga gida ne bai canja ba. Ɓarɓashin tsatsa yana taruwa a bakin bututun da ke zuƙo mai har ya toshe shi, injin ya mutu, zuƙa ta tsaya, ɓarɓashin ya koma ƙasa. Haka ma in hanyar shaƙar iskar tanki ta toshe: da ta mutu ka buɗe murfin tanki, in ka ji ya ja iska, ka kama ɓarawon. In ba mai ba ne, wuta ce. Ka taɓa koyil da bayan hannu, in ba ya taɓuwa don zafi ya gaji, ko kuma an sa wanda yake buƙatar rizisto ba tare da shi ba. Kwandansa, wadda ke jikin distirbuta, ita ma haka take, tana aiki da sanyi ta yanke da zafi.

Ham da yake kaɗa kansa cikin dare, ɓera ne ya ci rigar waya, raɓa ta sauka ta haɗa. Fitilar da take lumshewa in an taka birki, ko sigina ta kunna wata fitilar daban, wayar at (earth) ce ta yi tsatsa. Ka kwance wadda ta tashi daga batir zuwa bodi da wadda ta haɗa injin da bodi, ka goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure, ka shafa giris. Ƙwanƙwasar da ake ji bayan an kashe mota, salansa ce take hucewa.

Wuta da tayarwa

Ka buɗe distirbuta, ka goge bakin kontak ko ka canja shi, ka saita tazarar a milimita 0.40. Tazarar fulogi kuwa 0.6. In tsohuwar kwandansa ta asali tana aiki, ka bar ta, ka ajiye sabuwar a cikin mota. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, amma a nan ake rikicewa: silinda ta ɗaya ita ce ta wajen gilashi, ba ta wajen lagireto ba. Ka yi wa wayoyin alama tun kafin ka zare su. Ka cika lagireto, ka ajiye abin kashe gobara kusa, ka ja cok, ka buga. Farin hayaƙi na mintunan farko man da ka zuba ne yake ƙonewa. Kada ka taka totur, ka bar ta a silo kana duba ƙasa ko wani abu yana ɗiga.

Fankar asali ba kullum take kamawa ba, tana da maganaɗisu da ke riƙe ta in ruwa ya yi zafi. Ka jira ka ga ta kama. In allurar zafi tana hawa fanka tana lilo, ka duba gawayin da ke kai mata wuta da makunnin da ke jikin lagireto. In ba a samu kayan ba, a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, a zafinmu babu asara. Ruwan rijiya yana cin kan injin domin alminiyam ne, ka yi amfani da ruwan lagireto na kanti. Tiyo na sama da na ƙasa da fanbel duk sababbi.

Birki ba a gwada shi a titi. Man birki yana shan ruwa, don haka ka zubar da shi duka, ka canja robobin masta da tiyoyin ƙafafu, ka fitar da iska kana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Kulocin ma da mai yake aiki, ka yi masa haka. Ka duba man giya da na aksul. Taya in ta wuce shekara shida ka cire ta ko zanenta bai goge ba, lambobi huɗun da ke gefenta mako da shekarar da aka yi ta suke nunawa. Zagayen farko a cikin unguwa za ka yi shi, da sauran filtocin nan biyu da sukundireba a aljihun mota. Bayan kilomita 500 ka zubar da baƙin man, ka sake auna bawul da sanyin safiya.