Yadda Ake Zaɓen Tsohuwar Kyamara Mai Ido Biyu a Farashi Mai Sauƙi

Kyamara mai ido biyu tana ɗaukar hotuna biyu a lokaci guda, ɗaya na idon dama ɗaya na hagu, ta yadda idan aka kalle su tare sai a ga zurfi kamar mutum yana tsaye a wurin. Duk wanda ke Katsina yake son irinta don aiki, ba don ƙawata kabad ba, ya fara tunanin fim kafin ya yi tunanin kyamarar, domin fim mai faɗin milimita 35 ya fi sauƙin samu da wankewa.

Wannan ne dalilin da ya sa ba na ba sabon shiga shawarar sayen Sputnik, wadda aka ƙera a Tarayyar Sobiyet. Hotunanta manya ne masu kyau, amma fim mai faɗi da ake kira 120 take ci, tagwayen hoto shida kacal ake samu a naɗi ɗaya, kuma ta yi suna wajen yoyon haske.

Zaɓin gaskiya yana tsakanin guda biyu ne 'yan Amurka. Stereo Realist, wadda kamfanin David White ya fara sayarwa a 1947, jikinta ƙarfe ne, tana da ma'aunin nisa, kuma samfurin f/3.5 ya fi na f/2.8, wanda idanunsa suka fi buɗewa ga haske, araha nesa ba kusa ba. Sai dai tana son haƙuri: tagar leƙawa a ƙasa take, don haka jikin kyamarar a goshi ake jingina shi, kuma sai an ɗana ƙyauren haske, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga fim, da hannu kafin kowane hoto. Kodak Stereo, wadda aka yi daga 1954 zuwa 1959, ta fi sauƙin sarrafawa, tana ɗana kanta idan aka murɗa fim, sannan akwai ɗan ma'aunin ruwa da ke nuna ko ta karkata. Ga mai son ɗaukar dawakai ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, inda babu lokacin lalube, ita zan zaɓa.

Amma lafiyar kyamarar ta fi sunanta muhimmanci. Na taɓa sayen wata daga waje bisa hoton talla kawai, na ɗauki hasumiyar Gobarau da ita, sai da aka wanke fim na ga kowane hoton hagu ya fi na dama haske, saboda maiƙon da ya daskare yana riƙe ƙyaure ɗaya. Saboda haka ka nemi mai sayarwa ya buɗe bayanta, ya fuskantar da ita ga fitila, ya danna a kowane mataki na saurin ƙyauren, ya turo maka bidiyo, ka tabbata idanun biyu suna buɗewa da rufewa tare. Ka duba ko akwai funfuna ko hazo a gilasan, ka kuma haɗa kuɗin aikowa da na kwastan cikin lissafinka.

Idan ta iso, ka ɓoye ta daga ƙurar hunturu da zafin mota. Wajen ɗauka, kada abu mafi kusa ya gaza mita biyu. Sannan ka ja kunnen mai wanke fim kada ya yanka shi, domin faɗin hotunan bai kai wanda injinsa ya saba da shi ba, kuma tsakanin kowane hoto da ɗan tagwayensa akwai wasu hotuna biyu.