Masu tsallakawa wata jiha sayen RV a Amurka, ga inda haraji ke kama ku

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Tunda mutanenmu na nan Amurka suka fara sha'awar motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake cewa RV, duk bazara sai wani ya tareni bayan sallar Juma'a yana murna, wai ya samo wata a jihar da babu haraji, sati mai zuwa zai hau jirgi yaje ya tuƙo abarsa. Da naji haka nasan inda maganar zata ƙare, don nima ta wannan hanyar na bi kuma kuɗina sun tafi.

Abu na farko da mutane basa ganewa, harajin mota a ƙasar nan yawanci baya bin wajen da ka biya kuɗi, yana bin wajen da zaka yi mata rajista ne, wato jihar da kake zaune, inda motar zata riƙa kwana. Eh gaskiya ne akwai jihohi 5 da basu da harajin saye na jiha, Origon, Montana, Delawe, Niyu Hamsha da Alaska. Amma wannan sauƙin na mazauna can ne. Kai da kake zaune a Teksas ko Ohayo ko Merilan, ranar da ka shigo da motar gida jiharka tana jiranka da wani abu da suke kira harajin amfani, kuma yawanci daidai yake da harajin sayen da kake zaton ka tsallake.

Bari in baku nawa. Ina tuƙa tirela, wata tafiya na kai kaya can arewa maso yamma sai naga wata RV ta hannu a wajen wani dila a Origon, tsaf-tsaf, gadonta ko leda ba'a gama cirewa ba, dala 48,000. Na tambayi mai sayarwar nace haraji fa, yace mu nan bama karɓar haraji. Kuma bai yi min ƙarya ba, su basa karɓa, ni ne ban tambayi abinda ya kamata ba. Banki suka bani bashi daidai farashin motar, na cika abinda na cika, aka manna min lambar takarda a baya na kamo hanya har Huston ina jin na yi ciniki. Na ajiyeta a wajen da nake haya na koma kan titi da tirela, yau Memfis gobe Atlanta, ina cewa idan na samu hutu zanje in yi rajista, ai ba gudu take ba. Sai da aka yi wata biyu da wani abu sannan na shiga ofishin harajin kawuntinmu, wato ƙaramar hukumarmu, da fom ɗin rajista 130-U a hannu, na ciri lamba na zauna. Da aka kirani matar ta duba takardar ciniki ta duba ranar da na shigo da motar, ta danna kwamfuta sannan ta juyo min da fuskar allon. Kashi 6.25 cikin ɗari na 48,000, dala 3,000 cif. Ƙarƙashinsa kuma wani layin, dala 300 tara. Domin a Teksas kwana 30 suke baka, ka wuce su ɗora kashi 5 na harajin, ka ƙara wasu kwana 30 ya zama kashi 10. Na tsaya a gaban tagar nan gumi na keto min duk da sanyin esi, nace mata a Origon na saya fa, tace eh, shi yasa babu abinda zan rage maka. Kuɗin da na biya ranar kuɗin da na tara ne zan tura a gyara wa Hajiyata rufin ɗaki kafin damina, sai da na kirata nace Hajiya kiyi haƙuri zuwa wata mai zuwa. Har yau idan na tuna wannan kiran raina ɓaci yake.

Tun daga nan ga yadda nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Kafin in yi maganar farashi da kowane dila sai na buga lissafin harajin jihata a waya, in ware kuɗin a wani asusu daban wanda ko katinsa bana fita dashi. Idan bashi zan ci ina gaya wa banki tun farko su haɗa da harajin, don idan aka riga aka rufe takardu babu mai ƙara maka. Kuma satin da motar ta shigo gari, satin nake zuwa rajista, ko da zan rasa lodi ɗaya.

Wanda ya biya haraji a jihar da ya saya, yawancin jihohi suna rage masa abinda ya biya. Misali ka biya kashi 4 a can, Teksas zata karɓi cikon 2.25 ne kawai. Amma sai da shaida a rubuce, takardar ciniki da ta nuna layin haraji da adadinsa da jihar da aka biya wa, ba wai "dila yace ya haɗa komai" ba. In kuma abinda ka biya can yafi na gida, babu mai mayar maka da rara, ya tafi kenan.

Nan ne Kalifoniya take cin mutane. Idan ka karɓi makulli a filin dila a cikin Kalifoniya ka tuƙo da kanka, harajinsu ya hau kanka ko da a ranar zaka fice, kuma mafi ƙarancinsa kashi 7.25 ne, wasu garuruwan yafi haka sosai. Hanyar da ake bi ita ce dila ya kai maka motar wajen jihar, a miƙa maka a Nebada ko Arizona da takardar shaida, sannan kazo gida ka biya naka. Mazauna Kalifoniya kuma da suke saye a waje, in motar ta shigo jihar cikin wata 12 na farko hukuma na ɗauka don amfani a Kalifoniya ka saya, sai ka biya. Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan RV ɗin ƙasar nan a yankin Elkhart, nasu ya danganta da jiharka, mutanen wasu jihohin su yafe musu suje su biya a gida, na wasu kuma su karɓa a nan take, don haka ka tambaya da sunan jiharka kafin ka sa hannu.

Toh yanzu maganar Montana, kuma dan Allah wanda abin ya shafa kar yaji haushina. Akwai kamfanoni cike da intanet da zasu buɗe maka kamfanin takarda a Montana, LLC, kamfanin ya sayi motar da sunansa, a sa mata lambar Montana, haraji sifili. Wani ƙanina a nan, yaro mai hankali wanda nake ji dashi, yazo min da wannan yana cewa Yaya ai doka ce, kowa na yi. Nace masa buɗe kamfani a Montana doka ce, babu musu. Amma motar a ina zata kwana? Yace a bayan gidana mana. Nace toh shikenan ka amsa da bakinka. Jihar da motar ke zaune ita keda haƙƙin harajin, kamfanin da bashi da ofis bashi da ma'aikaci bashi da ciniki sai akwatin wasiƙa baya canza wannan. Kuma kar ku ɗauka basu sani ba, sun fi ku sanin wannan dabarar shekara da shekaru. Kyamarori na karanta lamba a kan titi, kamfanin inshora yana da adireshin da kace motar na kwana, Yuta ma a 2025 doka tayi ta amfani da bayanan inshora don zaƙulo irin waɗannan motocin, 'yan sandan babbar hanya na Kalifoniya kuwa har shafi suke dashi inda maƙwabcinka zai iya kai rahoton lambar wata jiha da yake gani kullum a ƙofar gidanka. In suka kama ka haraji ne da tara da kuɗin ruwa, wasu jihohin har tuhumar zamba. Masu tallan zasu kawo maka shari'ar Luwiziyana ta 2014 inda kotun ƙolin jihar ta ba wani mai RV gaskiya. Anyi haka, amma shekaru mutumin yayi yana shari'a, hukuncin kuma na Luwiziyana ne kaɗai, kai kana da kuɗin lauyan shekaru?

Abinda yafi tayar min da hankali ma ba tarar bace. Mu baƙi ne a ƙasar nan, da yawanmu kan girin kad muke, katin izinin zama, wasu na jiran ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ƙarara ko ana binka harajin tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma da baka biya ba. Zaka ɗauki shekara goma na wahala da sanyin nan da aikin dare ka ɗora a kan dala dubu uku ko biyar? Haba ɗan uwa. Sannan inshora, in ka faɗa musu motar a Montana take alhali tana Huston, ranar da aka yi hatsari ko ƙanƙara ta farfasa rufin suna iya ƙin biya saboda bayanin ƙarya, ga iyalinka a ciki ga bashin banki a wuyanka. Ni ko ba don doka ba bana son in sa hannu a takardar da nasan abinda ke cikinta ba gaskiya bane. Ƙanin nawa yayi fushi sati biyu baya ɗaga wayata, daga baya yaje ya biya 6.25 ɗinsa.

Wanda da gaske ya saki gida ya koma zama cikin motar shekara cur yana yawo, shi nasa daban. Irinsu suna mayar da mazauninsu Dakota ta Kudu inda harajin mota kashi 4 ne, ko Filorida ko nan Teksas, su canza lasisin tuƙi da adireshi da inshora da komai. Wannan halas ne. Amma ba wanda yaransa ke makaranta a Dalas yana zuwa aiki kullum daga gida ɗaya ba.

Sauran ƙananan ne amma suna cizo. Saye a hannun mutum ba dila ba baya cire haraji, a tagar rajista zaka biya, kuma kar ka roƙi mai sayarwa ya rubuta farashin ƙarya, jihohi da yawa suna da nasu ƙiyasin farashin. In zaka yi furfure, ka bada tsohuwa ka cika kuɗi, Teksas cikon kawai take yiwa haraji, shima sai in dila ɗaya ne ya karɓi tsohuwar a ciniki ɗaya, Kalifoniya kuwa duk farashin. Kar kaji ance Karolina ta Kudu dala 500 ce iyaka ka kama hanya, na masu rajista a can ne. Mutanen Birjiniya ku tuna bayan kashi 4.15 na saye akwai harajin kadara da kawunti ke turowa duk shekara. Wanda ya ƙauro Teksas da motar da tuni take da rajista da sunansa a wata jiha dala 90 zai biya ba 6.25 ba, kar yaje da fargaba. Filorida kashi 6 ne da ɗan ƙarin kawunti a kan dala 5,000 na farko.

In dila yace zai karɓi harajin jiharka ya tura da kansa, yayi, amma ka karɓi kwafin komai kuma bayan sati biyu ka kira ofishin kawunti kaji ko takardu sun iso, don lambar takardar nan ƙarewa take ba ruwanta da jinkirin kowa. Ni ina da jakar roba shuɗiya a ƙarƙashin kujerar direba, takardar ciniki, takardar mallaka ko kwafinta in tana hannun banki, rasit ɗin haraji, katin inshora, da hoton lambar shasi da na ɗauka da wayata na gwada da wadda ke takarda harafi bayan harafi tun ina tsaye a filin dila, kafin in tada injin.